Sisin Kaka: Nawa Ne Kuɗinsa A Yau?

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya tashi a Batsari ko Safana, ko a ƙauyukan da ke kewaye da su irin su Ruma, Wagini, Runka da Zakka, da wuya a ce bai taɓa ganin wani ɗan gwangwani ko ƙullin tsumma a ɗakin kakarsa ba, cike da tsofaffin silalla. Wasu masu huji a tsakiya, wasu da kan Bature, wasu sun yi baƙi har rubutun ba ya karantuwa. Da can ba wanda ya damu da su, yara ma ke wasa da su. Yanzu kuwa magana ta canza. Ka buɗe waya sai ka ga wani yana cewa kwabo mai huji ya kai miliyan kaza, ko ana neman sulen wata shekara ruwa a jallo. Ga kuɗin makaranta, ga na haya, ga na abinci, dole kunnen ɗalibi ya tashi.

To, mene ne gaskiyar lamarin? A taƙaice dai, mafi yawan waɗannan silalla kuɗinsu kaɗan ne, wasu 'yan kaɗan na da darajar azurfar da ke jikinsu, sannan akwai ƙalilan da masu tara tsofaffin kuɗi ke nema da gaske. Wanda bai iya rarrabe waɗannan kashi uku ba, ko dai a saye nasa a banza, ko kuma a damfare shi da sunan za a yi masa hanyar miliyoyi. Duka biyun suna faruwa.

Daga wuri zuwa sisi

Kafin zuwan Turawa, kuɗin ƙasar Katsina wuri ne, ga kuma dala ta azurfa da fatake ke shigowa da ita. Turawan Ingila sun ci Katsina a 1903, daga nan aka fara matsa wa mutane su biya haraji da kuɗin ƙarfe. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, silalla suka riƙa kwarara har cikin ƙauyuka, ciki har da ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina.

Silallan farko da aka buga musamman saboda wannan yanki sun fito a 1907, wato kwabo da anini. Anini kashi ɗaya ne cikin goma na kwabo, kuma na farkon da alminiyon aka yi shi, yana cikin kuɗin alminiyon na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure hannu da gumi ba, shi ya sa daga 1908 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ke buga wa Najeriya, Gana ta yanzu, Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. A 1913 ta fitar da taro, sisi, sule da fataka, dukkansu na azurfa.

Ga yadda lissafin yake, don wanda bai riski zamanin ba, wato mu duka. Anini goma kwabo ɗaya. Rabin kwabo shi ne ɗari. Kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo goma sha biyu sule. Sule biyu fataka, wasu su ce dala. Sule ashirin fam guda. Kuɗin sun tafi, sunayen suna nan a bakinmu. Har yau in aljihu ya bushe cewa muke ba mu da ko sisin kwabo, ko a ce ko anini bai ba ni ba. Tauraron da ke kafaɗar hafsan soja ma anini muke ce masa.

A 1959 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki, ya fitar da silallan Tarayyar Najeriya: taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisi da koko, sule da ganyen kwakwar manja, fataka da gyaɗa. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, sisi kuwa ya zama kwabo biyar. Shi ya sa tsofaffi suka ci gaba da kiran kwabo biyar sisi, kuma hoton kokon nan ya biyo shi zuwa sabon silin.

Labarin da ke ruɗa mutane

Yawancin hotunan da ke yawo a waya daga wani labari na gaskiya suka samo asali, sai dai labarin ba namu ba ne. A Amurka akwai wani silin santi biyar na 1913, mai hoton kan mace. A wannan shekarar an riga an canza zanen silin, bai kamata a buga tsohon zane da 1913 a jikinsa ba, amma sai ga guda biyar sun ɓulla. Biyar kacal aka sani a duk duniya. An yi gwanjon ɗaya daga ciki a 2018 kan dala miliyan 4.56. Wani kuma mai shi ya rasu a haɗarin mota a 1962, aka ce wa magadansa jabu ne, suka ajiye shi a gida shekara arba'in, sai a 2003 masana suka tabbatar na gaske ne, aka sayar da shi sama da dala miliyan 3 a 2013.

Ka lura da abin da ya ba shi wannan kuɗi. Silin 1913 bai wani tsufa ba, akwai kuɗin Rumawa na shekara dubu da ɗaruruwa da ake sayarwa da 'yan daloli, domin an tono su da yawa. Abin da ya ɗaga wancan shi ne guda biyar ne, ga masu kuɗi da yawa na son su, kuma an san hannun da kowanne ya bi tun daga farko. Santi biyar na 1912, ɗan uwansa na jini, miliyoyi aka buga, shi ya sa wanda ya sha hannu ba ya wani kuɗi.

Abubuwa huɗu da ke yanke farashi

Na farko ƙaranci. Nawa aka buga a wannan shekara, kuma nawa suka rage? Kwabo mai huji miliyoyi aka riƙa bugawa a yawancin shekaru, don ƙasashe huɗu ke kashe shi. In kakarka na da ashirin, kakar maƙwabcinka ma na da ashirin, haka a Kumasi da Firitawun.

Na biyu lafiyar silin. Mai tarawa yana duba ko rubutun da zanen sun fito raɗau, ko kuwa hannu ya cinye su. Sili iri ɗaya, shekara ɗaya, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba zai iya ninka wanda ya goge sau goma ko fiye. Namu kuwa sun sha yawo daga kasuwa zuwa kasuwa, wasu an binne su a tukunya ƙasa ta ci su, wasu an huda su an yi ado da su.

Na uku ƙarfen da aka yi shi da shi. Nan ne ake samun darajar da ba ta dogara da sha'awar kowa ba, za mu zo kanta.

Na huɗu mai saye. Kaya ba shi da farashi sai akwai wanda zai zaro kuɗi ya biya. In ka ga wani ya saka kwabo a intanet ya rubuta dala dubu biyar, wannan abin da yake fata ne. Ni ma zan iya saka tsohon takalmina in rubuta miliyan. Abin dubawa shi ne nawa aka sayar da irinsa, aka biya, aka karɓa. Shafukan gwanjo kan nuna wannan, kuma in ka duba za ka ga kwabo da anini na gama-gari ba sa wuce dala ɗaya zuwa 'yan daloli kaɗan, kafin ma a cire kuɗin aikawa.

Yadda za ka karanta silin da ke hannunka

Fara da shekara. Sannan ka duba sunan sarkin Ingila da ke jiki. Masu huji ba su da hoton sarki, suna ne kawai da kambi a saman hujin, da rubutun Larabci a ƙasansa mai faɗin darajar kuɗin, a bayansu kuma tauraro mai tsini shida. Waɗanda aka buga daga 1907 zuwa 1911 suna ɗauke da sunan Najeriya tare da na Afirka ta Yamma, daga 1912 aka cire sunan Najeriya. In ka samu aninin 1907 na alminiyon, mara nauyi kamar marfin kwalba, kuma bai ciwu ba, ka ware shi gefe.

Sai kuma ɗan ƙaramin harafi da ake sakawa don nuna masana'antar da ta buga. H na nufin masana'antar Heaton da ke Bamingam, KN na nufin King's Norton, ita ma a can, SA kuma Firitoriya ta Afirka ta Kudu. Wanda babu harafi yawanci daga masana'antar gwamnatin Ingila ya fito. Wannan ɗan harafi na da muhimmanci, domin a shekara guda wata masana'anta kan buga miliyoyi, wata ta buga kaɗan. Kyamarar wayarka ta isa ta nuna maka shi in ka matso da ita a cikin haske. Akwai kundayen silalla na duniya a intanet, kyauta, da ke jera kowace shekara da harafinta da adadin da aka buga.

Akwai wanda 'yan talla ke yawan kururutawa, wato kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas. Gaskiya ne sarkin bai cika shekara a kan mulki ba, ya hau a Janairu ya sauka a Disamba ta 1936, kuma a Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da hotonsa ba. Amma a nan Afirka ta Yamma an saki anini, ɗari da kwabo da sunansa, miliyoyi. Abin tarihi ne mai daɗin riƙewa, sai dai ba zai biya maka kuɗin zango ba.

Maganar azurfa

Taro, sisi, sule da fataka na 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 92.5 cikin ɗari. A 1920, da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, aka rage ta, sannan aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Saboda haka sulen 1916 da sulen 1938 suna ɗaya, amma ba kaya ɗaya ba ne. Na Tarayya na 1959 da na 1973 kuwa, duk farinsu, babu azurfa a ciki, jan ƙarfe ne da nikel.

Lissafin ba wuya, 'yan injiniya da 'yan akanta ma sa yi shi da ka. Sabon sule na azurfa giram 5.66 ne, fataka 11.31, sisi 2.83. Ka ninka nauyin da 0.925, ka samu tsantsar azurfar. Sule goma ke nan sun ba ka kusan giram 52, ko ƙasa kaɗan in sun goge. Sai ka duba farashin azurfa na ranar. A kasuwar duniya da oza ake faɗarsa, oza ɗaya kuma giram 31.1 ce. Maƙeri ko dillali ba zai biya ka cikakken wannan farashi ba, shi ma riba yake nema, amma in ka san lissafin ba zai ce maka ƙarfe ne kawai ba.

Ita ma babbar dalar nan mai hoton mace mai ƙiba, wadda matan Fulani ke ratayawa a wuya ko a kitso, haka take. Hoton Mariya Tareza ce, sarauniyar Ostiriya. Kusan kowacce ka ɗauka za ka ga 1780 a jiki. Wannan ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma tun daga nan ake ta sake buga dalar da wannan shekara ba canji, a Biyana, Landan, Roma, Faris, Bombai da sauransu, ɗaruruwan miliyoyi, domin 'yan kasuwar Larabawa, Habasha da ƙasar Hausa ba su yarda da wata ba. Wadda ke gidanku mai yiwuwa a ƙarni na ashirin aka buga ta. Darajarta tana cikin nauyinta: kimanin giram 28, azurfa kashi 83.3 cikin ɗari, wato tsantsa giram 23.4, kusan kashi uku cikin huɗu na oza. Wannan kuɗi ne na gaske, kuma shi ne irin abin da ake raba tsofaffi da shi a farashin gwangwan. Sunanta ma bai mutu ba: in ka tsallaka Maraɗi, har yau da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar.

Yadda damfarar ke tafiya

Salon kusan ɗaya ne ko'ina. Wani zai tuntuɓe ka a Facebook ko WhatsApp, ya ce shi wakilin wani Bature ne ko Balarabe. Ka tura hoto, nan take ya ce ai wannan shi ake nema, miliyan goma. Da ranka ya biya, sai a ce ka turo kuɗin rajista, ko na gwaji, ko na takardar fitar da kaya. Ka tura, a sake kawo wani dalili. Ranar da ka ce babu, ranar lambar za ta daina shiga.

Wani salon na mutum biyu ne. Na farko ya zo yana cigiyar wani irin sili da zai saya da tsada. Bayan kwana biyu na biyu ya ɓullo da irin silin yana neman mai saye da araha, wai yana da mara lafiya. Ka ranto kuɗi ka saya don ka sayar wa na farko, ka neme su duka biyun ka rasa.

Akwai kuma tatsuniyar cewa wasu tsofaffin kuɗi na ɗauke da wani sinadari na ɓoye, suna jan reza ko allura, ko suna ɗauke sabis ɗin waya. Irin wannan jita-jita ta taɓa tashi a Saudiyya a 2009 kan tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka yi ta saye da tsada suna neman wai jan makuri, abin da babu shi. Ɗalibin kimiyya ya san azurfa, tagulla, alminiyon da haɗin jan ƙarfe da nikel duk ba sa kama maganaɗisu. In aka kawo maka dala ko sulen azurfa ya manne wa maganaɗisu, to shaida ce ta jabu.

Ka riƙe wannan: mai saye na gaskiya shi ke biyan ka. Duk wanda ya ce ka fara biya kafin ya saya, ba saye ya zo yi ba.

In kun samu a gida

Kada ka wanke. Mutane kan ɗauki toka, yashi, lemun tsami ko soson ƙarfe su dirje sili don ya yi ƙyalli, alhali baƙin nan da shekaru suka sa masa yana cikin abin da mai tarawa ke so, kuma dirzar na barin ƙarce da ba ya gyaruwa. Ka riƙe shi ta gefe, ka naɗe kowanne a takardarsa, ka ajiye inda babu laima. Kada ka ɓalle silalla daga jikin sarƙa ko kayan kitso. Silin da aka huda ko aka yi wa walda ya riga ya rasa darajar tarawa, amma adon gaba ɗayansa, in an bar shi yadda yake, abin tarihi ne.

Ka kuma tuna kayan ba naka ba ne. In mai shi na raye, sai da izininta. In ta rasu, ya shiga gado, kuma ko sisi ɗaya ne akwai haƙƙin magada a ciki.

Ta fuskar doka, abubuwa biyu. Silallan 2007, wato kwabo hamsin, naira ɗaya da naira biyu, har yanzu halastattun kuɗi ne ko da ba a karɓarsu a kasuwa, kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta hana lalata kuɗin ƙasa, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Sannan abin da aka tono a kufai ko tsohuwar ganuwa yana ƙarƙashin dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979, ba a fitar da shi waje sai da izini. Mai neman ƙarin bayani ga gidan tarihi nan a cikin birnin Katsina, a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, ga Gidan Makama a Kano, kuma Babban Banki na da nasa gidan tarihin kuɗi a Abuja.

Dalilin da ya sa maganar ta fi shafar mu

Ba sai an gaya wa ɗan Batsari ko ɗan Safana abin da rashin tsaro a bakin dajin Rugu ya jawo ba. Gidaje nawa suka tashi cikin dare da abin da hannu ya iya ɗauka? Wanda ya baro gonarsa da dabbobinsa ya dawo gari, abin da ya rage masa na sayarwa shi ne irin waɗannan: tasoshi, munduwa, dalar uwargida. Mai sayarwa cikin matsi ba ya ciniki, kuma masu saye sun san haka. Tsohuwar da ba ta san dalarta na da giram ashirin da uku na azurfa ba, za ta karɓi kuɗin kwanon masara ta yi godiya.

Nan ne karatunmu zai yi rana. In an je hutu, a zauna da tsofaffi, a zazzage gwangwanin nan a kan tabarma. A ware na azurfa gefe, a auna su a sikelin masu sayar da zinari ko na ɗakin gwaji. A ɗauki hoton kowane sili gaba da baya, a rubuta shekara da harafi. In dole sai an sayar, a tambayi aƙalla mutum uku, kuma a je da lissafi a hannu. Sauran na tagulla da nikel, tunda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, gara a bar su a gida. A tambayi kaka me sisi ke saye lokacin tana budurwa, nawa aka biya sadakinta, nawa ne harajin da mai gida ke kai wa dagaci, a rubuta a littafi tare da sunan garin da shekarar. Kundayen Turawa sun san adadin da aka buga a Bamingam, amma abin da sule ɗaya ke saye a kasuwar Batsari ko ta Runka a zamanin fam, wannan a bakin tsofaffinmu kaɗai yake, kuma kullum raguwa suke yi.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu, ya ba mu sa'ar jarrabawa.